Idona da na Yaya

Mu biyu ne a ɗakin mahaifiyarmu muka zo duniya da gajeren gani, ni da yayata mace wadda ta girme ni da shekara shida. Sauran ƴan'uwanmu huɗu idonsu garau. A Waca aka haife mu, kuma a wancan lokacin ba wanda ya san rashin hangen nesa ciwo ne mai magani. Idan aka ɗaga maka hannu daga bakin rijiya ba ka amsa ba, girman kai gare ka. Idan ka taka ƙwaryar da aka ajiye a tsakar gida, ba ka da natsuwa. Yaya ta sha faɗa a kan duka biyun tun kafin in yi wayo.

Ita ce ta fara gane cewa irin idonta gare ni. Wata rana ta aike ni in kira Baba daga gindin tsamiya, na je na tsaya gaban wani baƙo ina ce masa Baba. Da na dawo ina kuka sai ta ja ni bayan rumbu, ta ce, "Auta, daina neman fuska, ba za ka same ta ba. Tafiya za ka duba. Baba yana jan ƙafar hagu, Inna kuma ta fi kowa sauri. In ka ga abu tsaye ba ka gane shi ba, gaishe shi kawai, in mutum ne zai amsa." Da wannan dabara na yi yarinta. Na sha gaida kututture, amma ba a taɓa ce mini mai girman kai ba.

Ni aka sa lakwal, wato makarantar boko, ita ba a sa ta ba. A firamare kullum a gaba nake zama, kuma duk da haka daga kaye, littafin rubutun abokin zamana, nake kwafe abin da ke tabulo, wato allon aji. Sai da na shiga kwalej a Magariya wani mushe, wato malamin boko, mai koya mana lissafi ya lura da yadda nake matse ido. Ya rubuta takarda, kawuna ya kai ni Damagaram aka auna ni, aka yanka mini tabarau. Ina fitowa daga wajen likita na tsaya gindin wata bishiyar dogon yaro na daɗe ina kallo, don ban taɓa sanin ana iya ganin ganye ɗai-ɗai daga ƙasa ba.

Da aka yi hutu na koma Waca. Lokacin Yaya ta yi aure nan cikin gari, har tana goyo. Na cire tabarau ɗin na ɗora mata. Ta ɗaga kai sama, ta ce, "Ashe shirwar nan mai kwashe mini ƴan tsaki ana ganinta tun tana can." Ta juya ta dubi katanga, ta dubi ƙofar gida. Sai ta cire da sauri ta miƙo mini.

"Riƙe abinka. Jiri yake sa ni. Kuma in na saba da shi wa zai ba ni?"

Na ce da ita ranar da na kama aiki ni zan saya mata. Na kama aikin koyarwa, na yi aure, na haihu, aka yi ta yawo da ni daga wannan ƙauye zuwa wancan, Sassumbrum, bayan Dungas, sannan wajen Yekuwa. Sau ɗaya na taɓa tayar da maganar gaban mijinta, manomi ne mai ɗan taɓa sayen gyaɗa, mutum ne mai sauƙin kai. Ya yi dariya ya ce matar ƙauye da madubi a ido ai sai a mai da ita abin kallo, kuma ga shi tana aikinta ba ta taɓa ƙona tuwo ba. Yaya ma ta ce in bari. Na bari, kuma gaskiya barin bai yi mini wuya ba.

Nawa idon kuwa bai tsaya inda yake ba. Kowace shekara biyu ko uku sai tabulo ya fara narkewa daga bayan aji, in je a auna, a ƙara lamba. Da na kai arba'in, na dama ya kai sha biyu, na hagu sha uku. Gilashin ya yi kauri kamar gindin kofin shayi, ya yi mini kanta biyu a kan hanci. Da shi nake tashi, da shi nake kwanciya, in zan yi alwala sai na san daidai inda na ajiye shi, don in ya gusa taki ɗaya sai in laluba.

Abin da ya sa na fara tunanin aikin ido ya faru ne farkon wata damina, ina dirakten wata ƙaramar lakwal a ƙasar Yekuwa. Na je Dungas kai takardun ƙarshen shekara, ina dawowa kan moto, wato babur, wajen la'asar ruwa ya tare ni a daji. Duk mai tabarau ya san abin da ruwa ke yi: ɗigo ya rufe gilashi daga waje, numfashi ya rufe shi daga ciki. Ban ga ramin da ruwa ya ci a gefen hanya ba. Na faɗi, moto ya danne mini ƙafa, tabarau ya fice. Na janye ƙafata, na durƙusa ina shafa ƙasa da hannu. Da na same shi, a ƙarƙashin moton yake, ya rabu uku.

Ruwan ya ɗauke, rana ta fito, gari ya yi haske tas, amma ni ban san gabas ba. Kore nake gani ta ko'ina, da wani ja-ja da nake zaton hanya ce. Hanyar da na bi ya fi sau ɗari ce, ga ni da ƙafafuna, ban karye ba, amma ban isa in tuƙa ba, kuma ban yarda in taka ba. Na zauna nan har wani dattijo mai amalanken shanu ya zo. Ya yi sallama, na amsa ina duban inda ba nan yake ba. Ya ce, "Malam, ko kanka ne ya bugu?" Na ce a'a, madubina ne ya fashe. Bai gane ba, amma ya taimaka muka ɗora moton, ya kai ni har ƙofar lakwal, ni ina zaune a baya kamar buhun da aka ɗauko daga gona.

Gilashi mai irin lambata ba a samunsa a ajiye, sai an aika an yanko. Kwana goma sha takwas na yi ba tabarau. Iyalina a Magariya suke, can na koma na zauna. Ban iya tsallaka titi ni kaɗai ba. Ranar Juma'a na wuce surukina a ƙofar masallaci ban gaishe shi ba, sai matata ce ta je ta ba shi haƙuri. A cikin waɗannan kwanaki na gane cewa duk abin da nake taƙama da shi, aikina da girmana a gari, a kan gilashi biyu yake rataye. Ko sau ɗaya ban tuna cewa Yaya haka ta yi shekara arba'in da shida ba.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, mai sayar da atamfa a Kano. Shi ma mai tabarau ne tun muna samari, ko da yake nasa bai kai rabin nawa ba. A wannan daminar ya zo Magariya suna, na gan shi fuska fayau.

Na ce, "Kai ma naka ya fashe ne?"

Ya ce, "Na jefar da shi, makaho. An yi mini aiki da leza. Ku da kuke jin Faransanci lazer za ku ce. Haske ne kawai, ba wuƙa ba jini. Kafin shayi ya dahu an gama. Washegari na tashi na ga agogon bango daga kan gado."

"Ba zafi?"

"Ɗan ƙaiƙayi na kwana biyu. Ka zo in kai ka, ka daina tsorata yara da idon mujiya."

Maganar agogon bangon nan ita ta shige ni. Daga ranar ban sake samun sukuni ba. Na shiga neman hotunan aikin a salula, ina kallon yadda ake buɗe ido da wani ƙarfe don kada ya ƙifta, a ɗaga wata fata siririya, haske ya yi ta bugawa. Sai in kashe, bayan ɗan lokaci in sake kunnawa. Wani ya ce ya warke ya huta, wani ya ce tun da aka yi masa idonsa a bushe yake, in ya ga fitilar mota sai ta watse masa. Kowanne na saurara sai in ga shi ne mai gaskiya.

Matata ba ta so. Ta ce, "Malam, yanzu kana gani da madubi. In suka kuskure fa? Ido biyu gare ka, kuma duka biyun za ka miƙa rana ɗaya." Na ce ba ta san abin da na ji a hanyar Yekuwa ba. Ta ce ta sani, ita ta riƙe mini hannu kwana goma sha takwas, kuma ta fi son kwana goma sha takwas a kan sauran rayuwa. Na je wajen limamin unguwarmu na tambaye shi ko wannan canja halitta ne. Ya ce a'a, neman magani ne, amma in yi istihara in kuma nemi shawarar manya. Na sayar da tumakin da nake kiwo, na haɗa da abin da na ware don rufin ɗaki, na ajiye. Wata uku ba ni da wata hira sai ta ido. Abokan aikina har sun fara kaucewa in na ɗauko ta.

Iyayenmu sun riga sun rasu, Yaya ce babba a wurina. Ana saura mako guda a koma lakwal na hau motar Waca don in gaya mata. Na same ta a bayan ɗaki tana suyar ƙuli-ƙuli, sana'ar da ta riƙe tun tana amarya. Ta gane ni tun daga zaure, da jin takuna. Ta sa aka shimfiɗa mini tabarma nesa da hayaƙi, ta zubo mini mai zafi a faranti. Na kwashe labari duka na ba ta, tun daga faɗuwar har agogon bangon taubashina. Na daɗe ina magana. Tana juya matsami tana saurare.

Da na gama ta ce, "To Allah ya sa a dace. In dai likitoci sun ce za a iya, ka je. Kai aikinka na ido ne." Sannan ta ce, "Ni ma kwanan nan nawa yana yi mini wani abu. Ƙudaje nake gani, baƙaƙe, suna yawo, in kai hannu ba komai. Wani lokaci kuma sai in ga walƙiya ta nan gefe, ga gari ba hadari."

Na tuna sarai abin da na ce mata. Na ce, "Hayaƙin suyar nan ne, Yaya. Shekara nawa kina cikinsa? Zan aiko miki da maganin ɗigawa." Sai na koma kan zancena, ina tambayarta ko a ganinta in fara da ido ɗaya ko in yi duka biyun. Da na koma Magariya na shiga farmasi na sayi maganin ɗigawa na dala ɗari uku, na ba direban motar Waca ya kai mata. Na ji a raina na yi abin da ya kamata.

Sai hutun Disamba na samu tafiya. Na bi ta Tinkim na tsallaka iyaka zuwa Kano, na kwana gidan taubashina, da safe ya raka ni asibitin idon da aka yi masa aiki. Aka sa ni karanta haruffa, aka sa haɓata a kan na'ura ɗaya bayan ɗaya, aka ɗiga mini wani magani da ya sa komai ya yi haske har ya dame ni. Daga ƙarshe aka shigar da ni wajen likitar, wata mace mai kamar shekaruna, ita ma da tabarau a idonta. Na lura da wannan, amma ban tambaya ba. Ta daɗe tana haska cikin idona, tana cewa duba sama, duba hagu, duba ƙasa. A na hagun ta fi daɗewa.

Ta koma kujerarta ta ce, "Malam, aikin da ka zo nema ba zai yiwu a idonka ba."

Na ce na zo da kuɗin.

Ta ce, "Ba maganar kuɗi ba ce. Hasken nan kankare fatar gaban ido yake yi kaɗan-kaɗan har gani ya daidaita. Ɗan'uwanka lambarsa ƙarama ce, abin da aka kankare kaɗan ne. Kai lambarka ta yi yawa, fatar kuma siririya ce. In na cire abin da ake bukata, ba abin da zai rage ya riƙe idon. Akwai wata hanya ta sa gilashi a cikin ido, amma ba ita ce a gabanmu yau ba. Akwai abin da ya fi ta gaggawa."

Ta ɗauko wani ƙwallon roba mai siffar ido ta buɗe shi biyu. Ta nuna mini wata shimfiɗa a can baya, ta ce ita ke karɓar haske. Idon mai gajeren gani irin nawa ya fi na sauran mutane tsawo, don haka shimfiɗar a ɗame take kamar fatar ganga da aka ja ta wuce kima. Tawa ta hagu ta riga ta tsage kaɗan a gefe. In ruwa ya bi ta tsagar ya shiga baya, shimfiɗar za ta ɓalle, idon ya mutu. Ta ce za ta ɗaure gefen tsagar da haske a ranar, shi ma lazer ne, amma ba zai raba ni da tabarau ba.

Wata shida ina fama da kaina a kan in yi ko kada in yi, ashe zaɓin ma ba a hannuna yake ba. Tana rubutu ta ci gaba da magana ba ta ɗago ba.

"Daga yau ka riƙe abu uku. In ka ga ƙudaje baƙaƙe sun ƙaru farat ɗaya, ko ka ga walƙiya ba hadari, ko ka ga kamar an saki labule daga gefe ɗaya, kada ka kwana. Ko a ina kake ka nemi likitan ido. Wannan ba a jiran hutu. A gidanku akwai mai irin idonka?"

Na dafe kai. Taubashina ya dube ni, ya ce, "Lafiya?" Na ce da likitar ina da yaya mace, ta faɗa mini biyu daga cikin ukun nan. Ta ajiye bik ɗin da take rubutu da shi ta ce, "Yaushe?" Na ce wata uku ke nan. Sai ta ce in kira ta yanzu.

Na fita baranda na kira mijin Yaya. Yana kasuwa, sai da ya koma gida ya miƙa mata. Na ce, "Yaya, yaya idon?"

Ta ce, "Da sauƙi, Auta. Ƙudajen sun ragu. Na daman ne dai ya rufe."

"Ya rufe kamar yaya?"

"Kamar an rataya baƙin zane. Daga sama ya fara, yana saukowa a hankali, har ya gama. Tun wajen ɗaurin gero. Ina ta ɗiga maganinka kuwa, bai ƙare ba."

Na ce me ya sa ba a gaya mini ba. Ta ce ta ga ina da nawa a gabana, kuma ɗayan yana nan yana yi mata aiki.

Aka yi mini nawa ɗaurin da yamma. Ba ya da zafi sosai, haske ne kore mai bugawa, da ɗan tsami a can cikin kai. Washegari da sassafe na kama hanya, da ido ɗaya a dishe, na isa Waca bayan azahar. Mijinta ya so a bari sai bayan kasuwa ya sayar da gyaɗarsa. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce kuɗin aikin da ba a yi mini ba suna aljihuna, gobe za mu tafi. Bai yi gardama ba, ya shiga ɗaki ya ɗauko rigarsa ta fita.

Yaya ba ta taɓa wuce Magariya ba. A mota ta riƙe gefen rigata tun daga tasha har Kano. Likitar ta duba ta fiye da yadda ta duba ni. Sannan ta ce da mu na daman ya daɗe da ɓallewa, shimfiɗar ta tattare ta bushe, ko an yi aiki ba za a samu komai ba. Na tambaye ta, da an kawo ta tun ranar da ta faɗa mini fa? Ta dube ni ta ce, "Wannan tambayar ba za ta amfane ka ba, Malam. Mu ceci na hagun." Na fahimci amsar.

Na hagun ma ya fara ɓallewa daga gefe. Aka yi mata babban aiki, ba na haske kawai ba, aka ce ta kwanta rub da ciki kwanaki, kada ta ɗaga kai sai don cin abinci da salla. Matar taubashina ce ta yi jinyarta, Allah ya saka mata. Yaya da ba ta taɓa wuni a zaune ba, ta kwanta fuska a ƙasa kwana goma ba ta yi ƙorafi ba. Abin da ta tambaya kawai shi ne wa ke ba awakinta ruwa.

Da idon ya lafa aka auna ta aka yanka mata tabarau. Ranar da aka ɗora mata, tana da shekara arba'in da bakwai. Gefe ɗaya gilashin banza ne, don ba abin da zai yi wa na dama. Ta dubi likitar, ta dubi mijinta da ke tsaye bakin ƙofa, ta ce, "Malam, ashe ka yi furfura haka." Ya yi dariya, ya juya baya yana share fuska da hannun riga.

Ta koma Waca da tabarau, kuma ba wanda ya mai da ita abin kallo. Kwana biyu mata suka yi suna zuwa gani, shi ke nan. Ta daina suya saboda likita ta hana ta ɗaukar nauyi da yawan sunkuyo. Sai ta koma zama a ƙofar gida da hantsi tana kallon masu wucewa. Duk sanda na zo sai ta ba ni labarin abin da ta gani: wance ashe doguwa ce, gidan wane ashe benen ƙasa ne, jikarta tana da wushirya. Ta sa aka kai ta gona a amalanke don ta ga iyakarta daga wannan gefe zuwa wancan. Gonar da ta yi shekara talatin tana shuka a cikinta ce.

Wata bakwai ta yi a haka. Wata safiya cikin damina mijinta ya kira ni ya ce zanen ya fara sauka a na hagun. Wannan karon ba mu kwana ba. Aka sake aiki, ta sake kwanciya rub da ciki, amma shimfiɗar ta ƙi zama. Likitar ta ce hakan yana faruwa, ko da an yi komai daidai. Abin da ya rage wa Yaya yanzu shi ne ta san rana ta fito, ta kuma san in mutum ya gifta tsakaninta da ƙofa.

Ni har yau ina tare da tabarau ɗina, ya ƙara kauri ma. Duk shekara nakan je a duba bayan idon. Maganar sa gilashi a ciki likitar ta sake tayar mini da ita sau ɗaya, na ce a bari. Ba tsoro kaɗai ba ne. Sha'awar abin ce ta fita daga raina. Na nemi a dawo da ni kusa, yanzu a cikin Magariya nake koyarwa, ba na hawa moto in hadari ya haɗu. In ƙuda na gaske ya wuce gabana sai gabana ya faɗi, sai na kai hannu na ji ya tashi.

Mijin Yaya ya ɗaura igiya daga ƙofar ɗakinta zuwa bayan gida, wata kuma zuwa gindin bishiyar da take zama. Matar ɗanta ce ta gaji kaskon suya. Yaya takan zauna da tire a cinya tana ɓarar gyaɗa, tana tsince ruɓaɓɓu da yatsa, kuma ba ta kuskure.

Na daɗe ina son in yi mata maganar, bakina yana nauyi. Sai bara, wata Lahadi da muka rage mu biyu a gindin bishiyar, na ce, "Yaya, ranar da kika gaya mini kina ganin ƙudaje, da na saurare ki da yanzu kina gani."

Hannunta bai tsaya ba. Ta ce, "Ka ce hayaƙi ne. Ni ma na so ya zama hayaƙi, shi ya sa na yarda."

Na ce, "Ni ne na yi karatu. Ni ya kamata in sani."

Ta ce, "Ka yi karatun lissafi, ba na ido ba. Na ji haushinka, Auta, ba zan ɓoye maka ba. Lokacin da nake kwance fuska a ƙasa na ji haushinka sosai, ba don maganin ɗigawa ba, don shekarun da suka wuce. Da ban san abin da ake gani ba, da sauƙi. Amma na gaji da jin haushin, ba ya ƙara mini komai." Ta zuba ɓawon a ƙasa. "Ƴaƴana dai ka kai su a duba, su da nasu."

Na ce na riga na kai uku, saura biyu da ke Dungas.

Ta ce to. Sai ta ajiye tiren ta miƙo mini hannu, ta ce farcenta ya yi tsawo yana kama zane, kuma ba ta yarda kowa ya zo mata da reza ba tun da surukarta ta yanke ta. Na aika aka sayo sabuwa. Na cire tabarau na sa a aljihu, don abin da ke dab da hancina na fi ganinsa da ido tsirara. Na kama yatsunta na kawo su kusa da fuskata. Duk tabon ƙunar mai ne, tsoho a kan tsoho. Na yanke su ɗaya bayan ɗaya a hankali, tana gaya mini wanda zan bar wa ɗan tsawo saboda ɓarar gyaɗa.